Jinkirin bursu a kan ɗan manomi yake faɗawa

Idan yaro daga Agiye ko Gazawa ya ci jarrabawar bak har ya samu gurbin karatu a Aljeriya ko Maroko, gari kan yi murna, kuma murnar tana bisa hanya. Abin da ba a cika sa wa a lissafi ba shi ne zaman da ke biyo bayan saukarsa daga jirgi: haya, cefane, kuɗin mota zuwa jami'a, takardar izinin zama da sai an riƙa sabuntawa, da rigunan sanyi, domin hunturun tsaunukan Aljeriya har ƙanƙara yake zubarwa. A ganina, ga ɗalibin da ke waje, ranar da bursu, wato kuɗin tallafin karatu, ke shiga hannunsa ta fi yawan kuɗin muhimmanci, kuma da wannan ma'aunin ya kamata a auna aikin ANAB, hukumar da ke kula da bursun ɗaliban Nijar.

Dalilin yana cikin rumbu. Manomin Agiye ko na Gidan Runji sau ɗaya yake ganin kuɗi mai kauri a shekara, da kaka, in ya sayar da gyaɗa da wake. Mai gidan haya a Rabat kuwa duk ƙarshen wata yake jiran nasa. Idan bursu ya makara wata uku, ɗan ma'aikaci a Yamai zai kira gida a turo masa daga albashi. Ɗan manomi, in jinkirin ya faɗo a tsakiyar damina lokacin da hatsi ya ƙare, sai dai uwarsa ta kai akuya kasuwa, ko shi ya koma cin abinci sau ɗaya a yini, ya shiga aji da yunwa a cikin harshen da bai gama ƙwarewa a kai ba. Ɗaliban Yamai suna da ƙungiyar USN da titin da za su fita su yi kuka a ji. Wanda ke baƙuwar ƙasa kuwa ƙofar ofishin jakadanci ce babbar madogararsa. Shekarar 2023 ta nuna yadda igiyar da ke haɗa ɗalibin waje da gida take da rauni: a watan Afrilu yaƙi ya ritsa da ɗaliban Afirka ta Yamma a Khartum, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya rufe iyakoki ya kuma dagula hada-hadar kuɗi har zuwa Fabrairun 2024.

Za a ce baitulmali ba shi da ƙarfi. Gaskiya ne, amma gwamnati ta san adadin waɗanda ta tura tun kafin su tashi. In kuɗin ba zai ishe su duka ba, gara a tura kaɗan a riƙe su da kyau, sauran su yi karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ko Jami'ar Musulunci ta Say, inda aƙalla buhun gero zai iya isa gare su a mota. Wasu kuma za su ce neman ilimi dama da wahala yake, magabata ma sun tafi Gabas da allo da ƙoƙo. Amma almajirin da ya tafi Gabas a cikin jama'ar da ta san haƙƙinsa ya sauka, ana ba shi tuwon dare. Babu wanda zai yi wa ɗalibin likitanci haka a Oran, kuma mai gida ba ya karɓar haƙuri a madadin haya.

Saboda haka a ware bursun ɗaliban waje na shekara guda tun farkon zangon karatu, a sanar da ranakun biya a fili yadda iyaye a ƙauye za su sani, kuma kowane ofishin jakadanci ya riƙe sunaye da adireshin ɗaliban da ke ƙasar, da ɗan asusun gaggawa na rashin lafiya da komawa gida.