"Saura Wata Uku In Gama"

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu da neman digiri na biyu ya kawo Kudu.

Akwai maganar da kusan kowa a cikinmu ya saba jin ana faɗa wa mutanen gida a waya: "Ai saura wata uku in gama." Ana faɗinta a Ibadan, ana faɗinta a Ife da Legas da Nsukka. Wata ukun su wuce, a sake kira, amsar dai tana nan yadda take. A hankali a gida a fara yi wa mutum kallon maƙaryaci, wasu ma su fara raɗe-raɗin ko korarsa aka yi yake ɓoyewa. Alhali yawancin masu faɗin haka har zuciyarsu sun yarda da abin da suka faɗa. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ce ba ta iya lissafin lokacin aikin da yake nata ba, kuma ina ganin ya kamata mu daina yanka wa iyaye rana da irin wannan lissafin.

Masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun bayyana wannan kuskuren tsara lokaci tun 1979. A 1994 kuma Roger Buehler da abokan aikinsa suka gwada shi a kan ɗalibai irinmu a Kanada, masu rubuta kundin kammala digiri. Aka tambaye su kwana nawa ya rage su miƙa aikin, matsakaicin amsarsu ya kama kusan kwana 34. Aka ce to in komai ya lalace fa? Suka ce kusan kwana 49. Da aka bi sawunsu, sai da suka ci sama da kwana 55. Wato ko mafi munin abin da suka hango bai kai abin da ya faru ba. Kusan kashi 30 cikin ɗari ne kawai suka gama a lokacin da suka ɗiba.

Shi kansa Kahneman, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 2002, ya ba da labarin yadda shi da tawagarsa suka ɗibi kamar shekara biyu su rubuta wani littafin makaranta. Aikin ya ci shekara takwas. To in malamin abin bai tsira ba, ina ga ni da kai?

Ga yadda abin yake faruwa. In aka tambaye ka yaushe za ka gama, aikin da ke hannunka kake kallo. Babi na huɗu sati uku, babi na biyar sati biyu, gyara sati biyu, shi ke nan. Duk wannan lissafin ranakun da komai ya tafi daidai ne. Ba ka sa malamin da ke duba aikinka zai tafi taro ko ya shiga gyaran takardun jarrabawa ba. Ba ka sa za a ɗage semina saboda mutum ɗaya bai samu zuwa ba, ko mai jarrabawa na waje ya riƙe kundin wata biyu. Ba ka sa zazzaɓi, ba ka sa kwamfuta ta mutu da babi guda a ciki. Mu 'yan Arewa muna da ƙari: da yawanmu a gida muke tattaro bayanai, tafiyar kwana guda a mota, ga Sallah, ga biki, ga rasuwa, kuma wanda ya je gida da niyyar sati ɗaya ya san yadda ake ƙarewa. Kowanne cikin waɗannan in ka ɗauke shi shi kaɗai, da wuya ya same ka. Amma a ce babu ko ɗaya da zai same ka a wata uku? Wannan ya fi wuya. Wa ya saka yajin aikin ASUU na wata tara a 2020, ko na wata takwas a 2022, a jadawalinsa? Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Abin bai tsaya a jin kunya ba, kuɗi da mutunci yake ci. Kuɗin haya a nan na shekara ake biya. Wanda ya yarda saura wata uku ba zai tanadi na gaba ba, sai mai gida ya buga ƙofa ya fara rarraba kaya a ɗakunan abokai. Zangon karatu ya zagayo, a nemi sabon kuɗin rajista, mahaifi ya riga ya cire ka daga lissafi ya koma kan ƙannenka. Mai hutun karatu daga wurin aiki wa'adinsa ya cika. An sa ranar aure "bayan ya gama". 'Yar uwarmu da aka bari ta zo Kudu da ƙyar, bisa sharaɗin shekara ɗaya da rabi, ita ce za a fara cewa ta tattaro ta dawo.

Maganin ba shi da wuya, daɗi ne babu. Ka ajiye lissafinka, ka nemi mutum biyar ko shida da suka gama a sashenku, in da hali a hannun malaminka. Tambaya ɗaya za ka yi musu: daga ranar da kuka kai inda nake yanzu zuwa ranar da aka sa hannu a kundinku, wata nawa? Ka ɗauki na tsakiya. Daga nan lissafinka zai fara. Zuciya za ta ce maka ai su ba su dage ba, kai daban ne. Su ma fa haka suka ce game da na gabansu. Sannan ka ba abokin da ba ya jin nauyinka jadawalinka ya duba, don mutum ya fi ganin gaskiya a aikin wani.

Na san wani zai ce, "Malam, in na sa wa raina shekara guda ai sai in miƙe ƙafa." Yana da gaskiya, wa'adi na kusa yana tashin mutum tsaye. Don haka ka riƙe rana biyu. Ta kusa taka ce kai kaɗai, ka manna ta a bango ka yi ta fama. Ta nesa, wadda ka samo daga na gabanka, ita za ka faɗa wa Baba, da mai gidan haya, da ofis, da surukai. Duk abin da ya shafi kuɗin wani ko rayuwar wani, a ɗora shi a kan ta nesa. In ka gama da wuri, babu wanda zai yi fushi da kai.

Waɗanda suka riga suka gama, don Allah ku taimaka mana a ƙasa da lambobi biyu kawai: wata nawa kuka ɗiba, wata nawa abin ya ci? Ba sai kun kama sunan malami ko sashe ba. Ƙannenmu da suka shigo bana su gani, su san abin da za su faɗa a gida.

Allah Ya sa mu gama lafiya, Ya sa wa karatun albarka.