Wai Fara Abincin Ƙauyawa Ce?

'Yan'uwana mata, yau da ku nake, amma da kaina zan soma. A ƙauyenmu na gefen Malumfashi, in kaka ta yi, mukan bi gonakin dawa da asuba, kafin sanyi ya saki fara ta tashi, mu ciko ƙwarya. Da aure ya kawo ni Funtua sai na waye, wai. In mai tallar fara ta yi sallama sai in yatsine fuska, kada kishiya ta ce mini baƙauya.

Sai da biki ya kai ni Maraɗi idona ya buɗe. Uwar amarya, hajiya guda mai gwal har gwiwar hannu, ta sa aka kawo mana fara a faranti, an cire fiffike, ta soyu ƙayau, ta sha yaji da lemun tsami. Ƙawata mai toshe hanci a gida ita ta share farantin, har da ƙullo tiya biyu tsaraba. To don Allah, ƙetare iyaka ne ya wanke farar?

Turawan da muke kwaikwayo ma, a 2021 Tarayyar Turai ta amince a sayar da fara a matsayin abinci. Mu kuwa nama ya fi ƙarfin kuɗin cefane, yara na cin miya lami, ga abin gina jiki a ƙofar gida, girman kai ya hana mu miƙa hannu.

Wadda nake tsoro ita ce ta gonar audugar da aka yi wa feshi. Ki tambayi mai talla inda aka kamo ta kafin ki ba ɗanki.