Furen Marka a Dajin Birnin Gwari

Duk wanda ya taɓa ratsa dajin Kamuku a watan Agusta, lokacin da marka ta kankama, ya san ba itatuwa da gamba kaɗai jejin nan ya tara ba. A bakin rafi za ka tarar da gatarin kurege ya naɗe ƙirare, furensa ja da rawaya kamar harshen wuta. A tafkuna kuma bado ya shimfiɗa fararen furanni. Ba wanda ya shuka su. Saiwarsu na kwance a ƙasa duk rani, ruwa na sauka su farfaɗo.

Abin da ke damuna shi ne masu lambun fure a bakin titunan Kaduna baƙin tsirrai suke sayar mana, masu neman ban ruwa kullum, alhali gatarin kuregen nan shi ne furen ƙasa na Zimbabwe, Turawa kuma da kuɗinsu suke sayen saiwarsa.

Shekarun 'yan bindiga sun raba mu da dajin. Yaron da ya tashi a Birnin Gwari cikin wannan fitina da wuya ya taɓa ganin furen, balle ya san sunansa. Tun da aka sake buɗe kasuwar kara a Nuwamban 2024 manoma ke komawa gona, sharar sabon fili kuwa ba ta barin saiwa.

Shawarata ga makarantunmu ita ce su ware ɗan fili su dasa saiwoyin nan kafin damina mai zuwa. Sai dai a killace wurin, domin gatarin kurege guba ne tun daga saiwa har ganye, ga yara da awaki.