Tsohon Aljani da 'Yar Makaranta: Wannan Ma Soyayya Ce?

Jama'a, yabon da ake yi wa wasan talabijin ɗin nan na Koriya ta Kudu mai suna Goblin ya kai inda dole wani ya tanka. Duk wanda ya kalla sai ka ji yana ba da labarin hawayen da ya zubar, kamar ba a taɓa yin soyayya a duniya ba sai a cikinsa. To ni ma na kalle shi daga kashi na 1 har na 16, kuma ina da ja.

Ga wanda bai gani ba, tashar tvN ce ta nuna wasan daga Disamba 2016 zuwa Janairu 2017, marubuciya Kim Eun-sook ce ta tsara labarin. Wani sarkin yaƙi ne mai suna Kim Shin a zamanin daular Goryeo, wanda ubangidansa ya sa aka kashe shi saboda hassada, sai ya tashi a matsayin dokkaebi, wato wani jinsin aljani na tatsuniyoyin Koriyawa, da takobi soke a ƙirjinsa. Ba zai mutu ya huta ba sai ranar da amaryarsa ta zare takobin, kuma ya kai shekara 939 yana jira. Amaryar kuwa ita ce Ji Eun-tak, marainiya 'yar ajin ƙarshe a sakandare, mai shekara 19 a lissafin gargajiya na Koriyawa, wanda ke ba jariri shekara ɗaya tun ranar haihuwarsa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: an iya aiki a wasan nan. Hoto tangaran, kiɗa mai ratsa zuciya, ga barkwancin da ke tsakanin aljanin da manzon mutuwa da suke zaune gida ɗaya. Wannan gwaninta ita ce ma ta sa nake magana, domin kuwa guba ba ta shiga ciki da sauƙi sai an gauraya ta da zuma.

Mai karatu, cire kiɗan, ka cire doguwar kwat ɗin da Gong Yoo yake sakawa, ka dubi abin da ya rage. Yarinya ce wadda uwarta ta rasu tana da shekara 9, ta tashi a hannun inna mai gallaza mata saboda kwaɗayin kuɗin inshorar da uwar ta bari. Sai ga namiji mai katafaren gida da dukiyar da ba ta ƙarewa, wanda in ya buɗe ƙofa a Koriya sai ya ɓulla a ƙasar Kanada. Tun a kashi na farko, da ta ga wannan iko nasa, ta ce ta yanke shawarar aurensa. Har ƙarshen wasan kuma ajoshi take kiransa, kalmar da yara ke kiran dattijon da ya haife su da ita, kamar dai mu ce kawu. Shin wannan so ne, ko kuwa neman mafaka ne na wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama?

Babban abin takaicin ma shi ne ba a bar mata zaɓi ba. Tun tana ciki aka yi mata miji, ranar da aljanin ya ceci uwarta bayan mota ta kaɗe ta. In ta zare takobin ta rasa shi, in ta ƙi zarewa mutuwa ta riƙa farautarta. An halicce ta ne kurum domin ta warware matsalar wani. A shekarar 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? inda ta yi tir da ɗaura wa ƙaramar yarinya tsoho, muka tafa mata. Yanzu kuma an kawo mana tsohon da ya tasar wa shekara dubu, an yi masa kwalliya, sai muka hau kuka don tausayinsa. Ina amfanin baɗi ba rai?

Na san abin da masoya wasan za su ce. Za su ce ai Kim Go-eun da ta fito a matsayin yarinyar tana da shekara 25 a lokacin. Gaskiya ne, amma kayan makaranta aka saka mata, kuma 'yar makaranta mai kallo ya gani. Za su ce ba a ɗaura auren ba sai da ta kai 29. To me ya biyo baya? Ta yi shekara 9 tana kukan da ba ta san dalilinsa ba, an yi auren ba da jimawa ba ta mutu a hatsarin mota, ta ƙi shan shayin mantuwa da ake ba matattu, ta sake dawowa duniya ta same shi, a cikin kayan makaranta kuma. Wasan ya ce rayuwa huɗu ake ba ɗan Adam, ita kuwa duk ta jinginar masa da nata. Za su ce ai tatsuniya ce. To da tatsuniya kakanninmu suka yi mana tarbiyya, kuma abin da aka ji ana nishaɗi shi ya fi zama a rai.

Saboda haka, 'yan'uwa marubuta, mu koyi yadda Kim Eun-sook take riƙe mai kallo har ya kasa tashi, wannan ilimi ne. Amma duk wanda zai ƙirƙiri yarinya a labarinsa, ya ba ta bakin da za ta iya cewa a'a, ya kuma bar ta da rai bayan ta faɗa.