Wai Kason Kano a Jami'a, Na Wane Bakano Ne?

Duk shekara idan aka fara ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya, sai ka ji manyanmu na ta tinƙaho wai an yi wa Arewa adalci. Dalilinsu shi ne tsarin da ake bi: kashi 45 cikin ɗari na guraben karatu ga waɗanda suka fi maki, kashi 35 ga 'yan yankin da jami'ar take, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, kuma Kano na cikinsu. To madalla. Amma don Allah a Kanon, wa ke cin wannan kaso?

Tsarin nan jiha yake ƙirgawa, ba gida ba. Ɗan mai kamfani da ke Nasarawa GRA, wanda ya yi makarantar kuɗi da malamin lesin, da ɗan leburan Bompai da ke haya a Dakata, duk a takarda sunansu ɗaya: waɗanda aka bari a baya. Wannan ai haɗa kura da akuya ne a turke ɗaya, a ce su raba abinci. Mai jimar fata a Challawa, da mai kwana kan injin roba a Sharada, da sunansu aka samo kason, amma 'ya'yan wasu ke shiga da shi.

Sai kuma maganar takardar zama ɗan asalin jiha. A 2023, da Jami'ar Bayero ta ƙara kuɗin rajista, gwamnatin Kano ta amince ta biya wa ɗalibai 'yan jiha 7,000 kimanin naira miliyan 700. Abu ya yi kyau, ba mai musu. To ina yaron da aka haifa a Panshekara, uban ya zo daga Haɗeja neman aikin masaƙa tun ana jiha ɗaya, sai ƙirƙiro Jigawa a 1991 ya mayar da shi baƙo? Ina ɗiyar Ba'igala ko Bayarabe da ba ta san ko'ina ba sai Ja'en? Ruwan rini da warin fata ba su tambaye su takarda ba kafin su shiga unguwarsu.

Wani zai ce ai ilimi cancanta ce, kowa ya yi ƙoƙari. Haka ne malam, amma a fara daidaita fagen tseren. Wani kuma zai ce ga bashin NELFUND tun 2024. Bashi ai sai wanda ya samu gurbi. Wanda aka tare a ƙofa fa?

Tun 1993 kamfanoni suka fara biyan harajin ilimi, wanda ya zama tushen kuɗin TETFund. Ribar da aka cire harajin nan, gumin wa ce? Don haka jami'o'inmu da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kano su riƙa duba makarantar da yaro ya fito da abin da ubansa ke samu, ba sunan jiha kawai ba. Gwamnati ta ɗauki wanda aka haifa nan, iyayensa ke biyan haraji nan, a matsayin ɗan gida. Masu masana'antu kuma su ware tallafin karatu ga 'ya'yan leburorinsu, mata da maza.

In ba haka ba, a daina kiran abin nan adalci. Allah Ya ganar da mu.