A Bar Yara Su Ƙera Fankar Kasko, Amma a Buɗe Taga

A hunturun da ya wuce, wata safiyar Litinin, wani ɗalibina na aji uku ya shigo ɗakin malamai riƙe da wani abu a leda. Da ya kwance, sai ga ƙaramin moto da ya ciro daga tsohuwar rediyo mai kaset. Ya yanka gwangwanin madara ya lanƙwasa shi ya yi fukafukai huɗu, ya haɗa da batura biyu. Ya ce fanka ce. Wani abokin aikina ya tuntsire da dariya ya ce, "Kai yaro, fanka a cikin wannan ɗari? Ka rasa abin yi ne?" Yaron ya ce, "Malam, ba ta fifita ba ce, ta tura ɗumi ce." Ashe kakarsa a Unguwar Shanu ce ke kwana da kaskon garwashi, amma wanda ke bakin kaskon kaɗai ke jin ɗumi, ƙannensa da ke ƙuryar ɗaki sai makyarkyata.

Ni dai ina bayan yaron nan, kuma zan faɗi dalilina.

Iska idan ta ɗauki zafi sai nauyinta ya ragu ta tashi sama. Saboda haka ɗumin kasko can yake tafiya ya taru a ƙarƙashin rufi, alhali masu barci suna ƙasa a kan tabarma. Idan aka ajiye ƙaramar fanka a bayan kaskon, sai ta kaɗa wannan iska mai ɗumi ta bi ta gefe kafin ta haye. Wato ba ta ƙara wa wutar zafi ba, rarraba shi ta yi. Wannan darasi mun sha rubuta shi a allo, yara suna kwafa suna mantawa. Shi kuwa ya gano shi ne a ɗakin kakarsa.

Duk wanda ke ganin abin wasan yara ne, to ya leƙa kasuwar Panteka da ke kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Maƙeran dauri da zugazugi na fatar akuya suke hura wuta. Masu narkar da alminiyam su zuba tukwane kuwa, da yawansu wilin tsohon keke suke kafawa, su ɗaura masa bel na roba, su haɗa shi da wata 'yar fanka da ke rufe cikin gwangwani mai siffar katantanwa, sannan bututu ya kai iskar har gindin gawayi. Idan faɗin wilin ya ninka na ɗan ƙarfen da ke juya fankar sau goma, to juyi ɗaya na hannu zai ba da juyi goma na fanka. Alminiyam ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 660, ga shi kuwa da gawayi da wilin keke ake kai shi can. Sai dai a lura, wannan fanka a cikin wuta take hurawa don ta ƙara mata oksijin. Ta ɗalibina iskar da ke bisa wutar take turawa. Aikinsu ba ɗaya ba ne.

Lokacin da aka fara tsarin karatu na 6-3-3-4 a shekarar 1982, manufar ita ce yaro ya gama ƙaramar sakandare hannunsa ya iya wani abu. A makarantu da dama injunan da aka kawo a akwatunansu suka tsufa, saboda rashin lantarki ko rashin malamin da zai kunna su. Mu malamai ma muna da namu laifin. Yaron da ya zana fanka da kyau a takarda sai mu ba shi maki, wanda ya zo da mai juyawa a leda kuma mu yi masa dariya.

To, amma iyayen da ke tsoron irin wannan ƙirƙira suna da gaskiya a wuri ɗaya, kuma wurin ba ƙarami ba ne. Gawayi idan yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau ɗari biyu da wani abu. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa yana iya zarcewa bai farka ba. Fanka ba ta korar wannan guba. Hasali ma yadda take raba ɗumi haka take raba ta.

A ƙasashe masu dusar ƙanƙara irin su Kanada ana sayar da wata fanka da ake ɗorawa a kan murhun itace, ba batir ba lantarki. Bambancin zafi tsakanin gindinta da samanta shi ke ba ta wutar juyawa, bisa wata dabara da wani Bajamushe, Thomas Seebeck, ya gano a 1821. Amma murhunsu rufaffe ne, yana da bututun da ke fitar da hayaƙi waje. Kaskonmu ba shi da wannan.

Don haka abin da na gaya wa yaron shi ne, ya yi amfani da fankarsa da yamma lokacin hira, taga a buɗe, a nesa da labule da gidan sauro, kuma kafin kowa ya kwanta a fitar da kaskon tsakar gida. Na sa shi ya maimaita sau biyu, na kuma rubuta wa mahaifinsa takarda.

Roƙona ga hukumar makaranta shi ne, a zangon karatu mai zuwa a ba 'yan aji uku motar makaranta ta yini ɗaya mu je Panteka, kowane yaro da littafinsa da ma'aunin tef. Ina so su auna wilin keken nan da hannunsu.