Lituwaniya da Kundin Tsarin Mulkin Turai: Sauri Ya Haifi Nawa

Ranar 29 ga Oktoba 2004, a birnin Roma, shugabannin ƙasashe 25 na Tarayyar Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar da aka yi wa laƙabi da kundin tsarin mulkin Turai. Kwana 13 kacal bayan haka, ranar 11 ga Nuwamba, majalisar dokokin Lituwaniya ta amince da ita: depite 84 suka ce i, 4 suka ce a'a, 3 suka ƙaurace, a majalisa mai kujeru 141. Ita ce ƙasa ta farko da ta yi hakan, kuma aka yi ta yi mata jinjina. Sai dai abin tambaya shi ne: me wannan gaggawa ta saya wa talakan Lituwaniya?

Adalci shi ne a fara jin hujjar ƴan majalisar. Ƙasarsu ƙarama ce, mutanenta ba su kai miliyan uku da rabi ba a lokacin. Tarayyar Sobiyet ta haɗiye ta a 1940, ba ta sake shelar ƴancinta ba sai 11 ga Maris 1990, kuma a Janairun 1991 sojojin Mosko suka kashe mutum 14 a Bilniyus, babban birnin ƙasar. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Don haka ne a ƙuri'ar raba gardama ta Mayun 2003 kimanin kashi 90 cikin 100 na masu zaɓe suka yarda a shiga Tarayyar Turai, aka kuma shiga ranar 1 ga Mayu 2004. A ganin ƴan majalisar, jama'a ta riga ta yi magana, saura cika aiki.

Amma yarda a shiga gida daban, yarda da sabuwar dokar gidan daban. Takardar da aka kawo musu tana da ayoyi 448. Ta faɗi ƙarara cewa dokar Tarayya tana sama da dokar kowace ƙasa. Ta ƙirƙiro shugaban majalisar shugabannin ƙasashe mai wa'adin shekara biyu da rabi, da ministan harkokin waje na Tarayya. Ta tanadi rage kwamishinoni daga 2014, yadda ba kowace ƙasa za ta riƙa samun nata a kowane lokaci ba. Mafi nauyi kuma, ta sauya yadda ake ƙidayar murya. A tsarin yarjejeniyar Nis, Lituwaniya na da ƙuri'a 7 cikin 321, Jamus na da 29. A sabon tsari, shawara na wucewa ne in ta samu kashi 55 cikin 100 na ƙasashe, masu ɗauke da kashi 65 cikin 100 na jama'ar Tarayya. A wannan ma'auni na biyu kuwa Lituwaniya ba ta kai kashi ɗaya ba.

Duk ɗan kasuwar da aka miƙa wa kwangila irin wannan, sai ya kwana da ita, ya nuna wa na gaba da shi, kafin ya dangwala hannu. Majalisar Lituwaniya ba ta ba kanta wannan lokaci ba. Abin da ya ƙara muni, majalisa ce mai barin gado: an yi zaɓe a watan Oktoba, kwanaki kaɗan suka rage sababbin depitoci su kama aiki. Waɗanda jama'a ta riga ta sallami da yawansu, su ne suka ɗaure ƙasa da alƙawarin da ba shi da wa'adi.

Me ya biyo baya? Ranar 29 ga Mayu 2005 Faransawa suka yi watsi da kundin da kusan kashi 55 cikin 100. Kwana uku bayan haka mutanen Holan suka bi sahu da fiye da kashi 61. Ko da yake ƙasashe 18 sun amince daga ƙarshe, dokar ta ce sai kowa ya yarda, don haka a 2007 aka jingine kundin. Aka kwashe mafi yawan abin da ke cikinsa aka zuba a yarjejeniyar Lisbon, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Disamba 2009. Zama na farko bai ceci kundin ba, bai kuma ƙara wa Lituwaniya ko kujera ɗaya ba.

A nan darasin yake. Ranar amincewa da yarjejeniya rana ce da ƙaramar ƙasa ke da nauyi daidai da babba, domin in ta ƙi, komai ya tsaya. Ƙananan ƙasashen da suka san darajar wannan rana sun ci ribarta. Danmak ta ƙi yarjejeniyar Mastirik a 1992, aka ba ta damar zama a waje da kuɗin bai ɗaya da wasu fannoni, sannan ta amince a 1993. Ailan ta ƙi ta Lisbon a 2008, aka yi mata alƙawarin kowace ƙasa za ta riƙe kwamishinanta, sannan ta amince a 2009. Abin mamaki, kujerar kwamishina da Lituwaniya ta yarda ta riƙa rasawa lokaci-lokaci, taurin kan mutanen Ailan ne ya tsare mata ita.

Wannan ba yana nufin ƙi shi ne hikima ba, ko kuma dole kowace yarjejeniya ta je gaban ƙuri'ar jama'a. Ƙaramar ƙasa tana bukatar inuwar haɗin kai fiye da kowa, kuma aikin majalisa ne ta yanke hukunci a madadin waɗanda suka zaɓe ta. Sai dai wakilci amana ne. Majalisar da ta ɗauki wannan nauyi, wajibi ne ta karanta aya-aya, ta saurari ƴan kasuwa da ma'aikata da alƙalai, ta bayyana wa jama'a cikin harshen da suke ji abin da aka bayar da abin da aka karɓa.

Maganar ba ta yi wa Nijar nisa ba. Yarjejeniyar OHADA ta 17 ga Oktoba 1993 ta ɗora dokokin kasuwanci na bai ɗaya bisa dokar ƙasa, ta kuma mai da kotun Abijan wurin ɗaukaka ƙara na ƙarshe a kansu. Yarjejeniyar UEMOA da aka sa wa hannu a Dakar ranar 10 ga Janairu 1994 ita ce ta haifar da kuɗin duwan na bai ɗaya a shekarar 2000, wanda ya shiga aljihun kowane mai shigo da haja daga Maraɗi zuwa Damagaram. Irin waɗannan takardu kan wuce cikin tafi a zauren majalisa, amma a kasuwa da ofis ake biyan farashinsu shekara da shekaru.

Saboda haka, duk ranar da aka shimfiɗa wata yarjejeniyar haɗin kai gaban wakilan jama'a, ko daga wace ƙungiya ta fito, kada su yi rige-rigen zama na farko. Su tambaya: wane iko ne zai bar hannun ƙasa, wa zai riƙe shi, kuma ta wace ƙofa ake fita in tafiya ta ƙi? Majalisar da ta sa hannu ba ta amsa waɗannan tambayoyi ba, ta sayar da ranar kasuwarta kafin kasuwa ta ci.